Amanar da Yaya ta ba Likita

Ku matso kusa, ku ara min kunnuwanku. Ga ta nan na shimfiɗa muku, amma ku sani ba irin tatsuniyar da ake yi wa yara a tashi ana dariya ba ce. Labarin Yayata ne, wadda muka fito ciki ɗaya, ungozomar Gyaɗi-Gyaɗi, da Allah ya karɓi abarsa ranar wata Laraba da la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi sadakar arba'in, an naɗe tabarmi, an mayar wa maƙwabta tukwanensu. Har na fara jin ana cewa "marigayiyar nan ta lungun famfo". To, kafin ta zama marigayiyar lungun famfo kawai, bari in faɗi abin da na sani tun bakina yana motsi.

Ba za ku ji sunan kowa a bakina ba. Babba ba a kiran sunansa, kuma akwai wani a cikin labarin da harshena bai taɓa ɗaukar sunansa ba tunda aka raɗa masa shi.

Ranar da ta rasu, kafin a gama yi mata wanka lungun ya toshe. 'Yan acaɓa sai sauke mata suke yi, daga Hotoro, daga Daurawa, daga wajenmu Tarauni. Mai ƙosan bakin titi ta shigo da zani a baibai tana cewa, "'Ya'yana tara duk a tafin hannunta suka sauka. Yanzu wa zai zage ni in na ƙi yin nishi?" Aka yi dariya, hawaye na zuba. Wani ƙaton direban tifa ya tsaya a zaure ya ɗaga rigarsa yana nuna wa maza cibiyarsa. "Ku dubi aiki, ko ƙullutu babu! Ita ta yanke." Liman ya ce ya sauke rigarsa ya yi mata addu'a, ya fi.

Amma zaman makoki ba a rasa masu zuwa da kunne. Ina jingine da randa na ji wasu biyu a bayana.

"Ɗan nata ya zo kuwa?"

"Yana waje yana karɓar gaisuwa."

"Au. A matsayin wa?"

Can wata tsohuwar maƙwabciya ta kama hannuna ta matse. Ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Ke dai kin samu naki." Maganar ce dai ta zauna min a ƙirji har yau, ita ta sa nake wannan bayani.

Yaya doguwa ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar ana binta. Ba ta fita sai da ɗan gwangwaninta a ƙugu, a ciki akwai sabuwar reza a takardarta, da zare, da sabulu. Ba ta taɓa yanke cibiya biyu da reza ɗaya ba. In ta shafa ciki ta ji ɗa ya zo a gicciye, ba ta jarraba sa'a. Sai ta leƙa zaure ta ce da maigidan, "Malam, tashi ka nemo mota, wannan ta fi ƙarfin hannuna." In ya tsaya yana cewa a ƙara jira, ta ce, "Kai ka taɓa haihuwa? To tashi!"

Akwai wata baƙuwa, matar wani lebura, da naƙuda ta kama a kangon da suke fakewa, ba uwa ba dangi. Yaya ta karɓi haihuwar, ta dawo gida ta kwashi itacenta, ta yi wa yarinyar wankan jego kwana arba'in cif, safe da yamma, har da kunun kanwa. Da mijin ya zo godiya yana ta durƙuso, ta ce, "Tashi ka toshe mata tagar nan da buhu, godiyarka ba ta tare iska."

Ta san abin da ke cikin gidaje fiye da mai unguwa, amma ba a taɓa jin wani abu ya fito daga bakinta ba. Kullum maganarta ita ce, "Abin da na gani a ɗakin haihuwa, tare da mabiyiya nake binne shi."

Ita kanta kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba. Nan ne labarin yake.

A ƙauyenmu wa da ƙani muka aura, ita wan, ni ƙanin. Ta shekara goma ba ko ɓari. Ni kuwa shekara na zagayowa da aurena na koma gidanmu goyon ciki, na haifi namiji, a hannunta. Ɗan fari ne, kun san al'ada, ba na kallonsa a gaban mutane, ba na kiran sunansa, in yana kuka sai an tilasta min nake ɗaukarsa. Ita ce mai goyo, ita ce mai rarrashi. Da aka yaye shi mahaifinmu ya ce, "A ba babbar riƙo, ta ɗan ji ɗumin yaro." Ba a daɗe ba mijinta ya sami aikin tuƙi a birni, suka taho Kano da yaron.

A ƙauye kowa ya san ɗan riƙo ne, a birni kuwa wa ya sani? Maƙwabta suka ce ɗanta, ba ta gyara musu ba. A makaranta sunan garinmu aka rubuta masa a bayan nasa. Ya tashi yana ce mata Inna, yana ce wa mijinta Baba. Da muka biyo su muka zauna a Tarauni, ni na zama Innar Tarauni, mahaifinsa ya zama Baffa. Ba zan wanke Yaya tas ba, don ta san ya kamata a gaya masa. Takan ce, "Bari ya gama makaranta." Ya gama. "Bari ya yi aure." Ya yi. Mazajenmu suka rasu ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin da suka sani suka ƙare, magana ta yi nauyin da ba mai iya ɗagawa. Shi kuwa ya zama malamin kimiyya a makarantar sakandare, ya auri 'yar ƙaninmu, ya kai Yaya Makka. Kowace safiya kafin ya tafi aiki sai ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Wannan kalmar ita ce abincinta. Na rantse da Allah ko ba ta ci komai ba, in ta ji ta, ta ƙoshi.

'Yarsa ta fari sunan Yaya aka sa mata, muna ce mata Takwara. Tun tana jaririya wani farin abu kamar kindirmo ya kwanta mata a harshe. Jarirai suna yin haka ya wuce, Yaya ta ga irinsa ba adadi. Na Takwara bai wuce ba. A goge ya dawo, a sha magani ya lafa ya dawo. Faratanta suka yi kauri suna marmashewa, kanta ya yi ta fitar da makero. Wata rana uwar yarinyar ta kira wanzami a ɓoye ya kankare harshen. Yaya ta dawo daga unguwa ta tarar ya buɗe zabira. Ta ɗauki muciya ta tsaya a kansa.

"Mayar da askarka."

"Hajiya, sana'ar gado ce, ba yau na fara ba."

"Na sani. Gadon ne nake tsoro. Ga ƙofa nan."

Suruka, uwar yarinyar, ta yi kwana uku ba ta yi mata magana ba. A na huɗu Yaya ta dama mata fura ta kai mata har ɗaki, ta ce, "Sha, fushi ba ya kawo nono."

Takwara na da shekara bakwai kaluluwa ta fito mata a wuya, ta ƙi sauka, ta yi ta girma har wuyan ya karkace. Shekarar ce soja suka koma bariki, gari duk hotunan 'yan takara, ana cewa yanzu talaka zai yi tambaya a ba shi amsa. Yaya ma ta bi layi ta dangwala yatsa. A babban asibiti aka yanki ɗan nama a wuyan aka duba, aka ce ciwon daji ne. Aka kwantar da ita ana yi mata ƙarin wani ruwa mai ƙarfi da ya zubar mata da gashi. Lokacin suruka tana goyon wata jaririyar, ita ma farin abin ya fara kwanta mata a baki.

A nan muka haɗu da likitan bincike. Ba shi ne mai ba da magani ba, shi nasa tambaya ne da ɗibar jini. Matashi ne, ɗan gari, mai ladabi, in zai gaishe mu har ƙasa yake rusunawa. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausar da muke ji. Ya ce jikin mutum gida ne mai masu gadi, su ake ce wa garkuwar jiki. Ya ce farin abin nan dangin funfuna ne, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, tana nan ko'ina, masu gadi ne ke korarta. A jikin Takwara akwai ƙofar da aka haife ta ba mai tsaronta, kuma yana zaton ta nan ciwon dajin ma ya sami hanya. Ya ce irin wannan a jini ake gadonsa, daga uwa da uba.

Yaya ta ce, "Ashe gidan ne ba ƙyaure."

Ya ce, "Hajiya, kin fi ni iya faɗa." Ya ce in ya sami jinin dangi, ya kuma san wa ya haifi wa, za a aika ƙasar waje a gano ƙofar. In an gano ta, ko Takwara ba ta amfana ba, jaririyar za ta amfana.

Dangi suka ƙi. Ƙaninmu ya ce shi ba mai zuƙar masa jini a kai wa Turawa. Yaya ta bi su gida-gida, ta ce, "Ni na tsaya masa. In ya ci amana ku kama ni." Albarkacinta suka zo, manya da yara, aka ɗebi jinin kowa a 'yar kwalba, kowa ya dangwala yatsa a takardar yarda.

Sai aka zo zanen dangi. Likita ya shimfiɗa farar takarda. Mace ya yi mata da'ira kamar faifai, namiji ya yi masa akwati. Wanda ya rasu ya ja masa layi, mai ciwon ya baƙanta shi. Ya zana Yaya, ya ja zare daga ƙarƙashinta zuwa akwatin ɗanta. Ya tambaye ta ko ta taɓa haihuwar wani mai irin wannan bakin. Ta ce a'a. Ya juyo gare ni. Na ce ina da biyu da suka rasu ba su kai yaye ba, mace da namiji, dukansu da farin baki har maƙogwaro. Ya rubuta, ya tsaya yana kallon takardar, ya ce, "To, waɗannan 'yan'uwan uban ne na nesa kaɗan. Da a ce ciki ɗaya suka fito da shi, da maganar ta canza. Hajiya, ku yi haƙuri da yawan tambaya. In zare ɗaya ya tafi inda ba nan ba, can ma inda ba nan ba za su duba."

Yaya ita ta wanke jariran nan nawa biyu da hannunta, ta san bakinsu. Na ga ta kalli takardar, ta kalli ƙofa, inda suruka ke zaune a benci da goyo. Sai ta ce nas ɗin da ke ɗakin ta ba mu wuri. Da nas ta fita ta ce, "Likita, takardar nan wa zai gan ta?"

Ya ce, "Wallahi Hajiya, daga hannuna sai akwatina mai makulli. Can ma da za a aika, ba suna, lamba ce."

"Ko uban yarinyar?"

"Ko shi."

Ta ce, "Ka ce wallahi, ni kuwa ban san abin da ya fi wallahi ba." Ta ɗora yatsarta a kan zaren da ya haɗa ta da ɗanta. "Goge wannan. Mayar da shi ƙarƙashin ƙanwata. Ni ban taɓa haihuwa ba."

Shekara arba'in ke nan ba ta faɗi wannan magana ba, ko a tsakaninmu. Likita ya goge, ya sake ja. Da'irar Yaya ta tsaya ita kaɗai, ba komai a ƙarƙashinta. Da muka fito ta gyara mayafinta ta ce min, "Muje, yarinyar can ba ta ci komai ba."

Wanda bai yi jinya a babban asibiti ba bai san yadda ake yi ba. Fayil ɗin mara lafiya ba ma'aikaci ne ke yawo da shi ba, ɗan'uwa ake miƙa wa. A ce kai shi ɗakin hoto, kai shi wajen gwajin jini, dawo da shi. Bayan kamar mako uku aka ce za a ɗauki hoton ƙirjin Takwara, don tari ya kama ta. Nas ta miƙa wa uban fayil. Layi ya yi tsawo, ya zauna a benci, ya buɗe yana dubawa kamar yadda duk mai ilimi zai yi. Takardar tana ciki, an maƙala ta da sauran. Da ni ce ko uwar yarinyar, da zanen yara za mu ɗauka. Shi kuwa irin zanen da yake koya wa ɗalibansa ne a allo. Har da sunaye a ƙarƙashin kowane, da rubutun likita.

Bai je wajen Yaya ba, wajena ya zo Tarauni. Ina tankaɗe a tsakar gida da hantsi na ji sallamarsa. Bai zauna ba. Ya ce, "Innar Tarauni, tambaya ɗaya zan yi miki, don Allah kada ki rufe ni. Wa ya haife ni?"

Ku saurara da kyau, don nan ne nawa laifin. Na san abin da ya kamata in ce. In ce masa, tashi ka koma wajen wadda ta goya ka, ita za ta ba ka amsa, ni ma in biyo ka mu zauna mu uku. Amma shekara arba'in ina kallon yaron nan ta gefen ido. Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ni ce." Kuma Allah ya sani, a ƙarƙashin kukan da na yi akwai daɗi.

Sannan ya ce, "Wato mutumin da na ɗauki gawarsa ina ce masa Baffa, shi ne ubana. Ya mutu ban taɓa ce masa Baba ba. Kuna kallo."

Washegari da safe ya durƙusa a ƙofar ɗakin Yaya kamar kullum. Ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya?"

Suruka ce ta ba ni labari. Ta ce Yaya tana riƙe da carbi, sai da ta ja shi har ƙarshe. Can ta ce, "Lafiya lau." Bai yi mata rashin kunya ba, bai rage mata komai ba. Cefane yana zuwa, ɗinkin salla yana zuwa. Kalmar nan ɗaya ya ɗauke, ya bar mata wadda kowane mai tallan gawayi yake kiranta da ita.

Da yamma ta zo Tarauni. Na shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama. Na fara rantse-rantse, na ce tambayata ya yi, ƙarya zan yi masa? Ta ce, "Ba ki yi ƙarya ba. Sauri kika yi." Ta juya ta tafi. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ta je ta sami likita, na bi ta. Ya miƙe tsaye yana ta ba da haƙuri, wai mai haɗa takardu ne ya haɗa da ita bisa kuskure, wai shi ya ajiye a kan tebur ne zai sa a akwati aka kira shi. Yaya ta bar shi ya gama. Ta ce, "Ɗana, ni jahila ce, amma na shekara arba'in ina shiga ɗakunan mutane, ban taɓa ajiye sirrin kowa a kan tebur ba. Abin da ya zube ya zube. Yanzu abin da na saya da shi nake so. Yaushe amsar jinin za ta zo?"

Ya ce, "Wata uku, in sha Allahu."

Takwara ba ta kai wata ukun ba. Ruwan da ake ƙara mata ya rage kumburin, har muka fara murna, amma ya ƙarasa kwantar da 'yan masu gadin da suka rage mata. Funfunar ta sauka huhu. Ta rasu da damina, ranar wata Asabar da safe, kanta a cinyar Yaya. Yaya ce ta yi mata wanka. Uban ya shigo ɗaukar gawa, ya ce, "Sannu Hajiya, Allah ya ba da lada." Ko a ranar.

Daga nan Yaya ta mayar da Talata ranar asibiti, don ran nan likitan yake zama. Ta goya jaririyar ta hau bas, ta zauna a benci. Wata uku suka cika aka ce saura kaɗan. Wata shida aka ce likita ya tafi taro. Wata Talatar ta tarar da ɗakin a kulle. Wata nas mai kirki ta ja ta gefe ta ce, "Mama, ki daina wahalar da kanki. Ya sami ƙarin karatu a waje, ya tafi da iyalinsa." Yaya ta ce, to jinin fa? Ta ce ita dai ta ga an fita da shi a akwatin ƙanƙara. Amsar fa, wa za a tambaya? Ta ce sabbin shugabanni aka kawo, ta je ta gwada ofishinsu. Ta je. Aka ce ta rubuto a takarda. Ta sa aka rubuta mata ta kai. Aka ce mai sa hannu yana Abuja. Da ta dawo ran nan ta ce min, "Sun ce in mun dangwala za mu yi tambaya a ba mu amsa. Sau biyu na dangwala a shekara ɗaya."

Dangi kuwa suka kama ta kamar yadda ta ce. Ƙaninmu ya daina zuwa gidan. A wajen suna ko biki sai a yi ta jefa magana, wai wasu sun kai jinin zuri'a an yi kasuwa da shi. Ba ta taɓa mayarwa ba. Ta rage fita karɓar haihuwa, in an aiko ta ce a tafi asibiti, idonta ya yi rauni. Idonta lafiya lau yake.

Ni fa? Ɗan namu ya fara zuwa gaishe ni ranar Juma'a bayan masallaci, kafin ya koma gida. Da na ga dama da na ce masa kada ya sake taka ƙofata sai ya gyara tsakaninsa da ita. Na yi niyya ba sau ɗaya ba. Amma in Juma'a ta zo sai in tsinci kaina ina daka daddawa, ina yi masa miyar kukar da yake so. Yaya ta sani, Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi ba nisa. Ba ta sake tayar min da maganar ba. Sau ɗaya dai ta ce, "Kada ki cika masa barkono, yana da gyambon ciki."

Haka muka yi shekara uku. Da ciwon ajali ya kwantar da ita na dawo gidan ina jinyarta. Kowace safiya in ta ji takunsa sai ta ce in tayar da ita zaune, in gyara mata ɗankwali. Na tare shi a zaure na roƙe shi, na ce kalma ɗaya ce, me za ta rage ka da shi? Ya ce, "Ina so in faɗa. In na buɗe baki sai in ga takardar nan." Ranar Larabar ya dawo daga makaranta da azahar, ya durƙusa a bakin gadonta ya daɗe. Na zuba wa bakinsa ido. Ya ce, "Hajiya, ya jikin?"

Ta buɗe ido ta dube shi sosai. Ta ce, "Da sauƙi, Malam. An gode."

Ana kiran la'asar ta fara salati, kafin a idar ta cika.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Likita ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, an dai ce yana can ya zama babba. Ban yi masa baki ba, ban kuma yafe ba, na bar shi da wallahin da ya yi. Jininmu yana wata ƙasa da ban san sunanta ba, ko an duba ko an zubar, Allah masani. Ƙaninmu ya zo jana'iza ya yi kuka ya fi kowa, ya koma gidansa. Suruka ta ce ta gama haihuwa, tsoro ya hana ta. Jaririyar tana nan, ta isa shiga makarantar allo. Farin abin yana zuwa yana tafiya, ana ba ta magani ya lafa, kullum uwarta tana shafa mata wuya tana lalube. Har yau ba wanda ya gaya mana sunan ciwon.

Shi kuwa ɗan namu, maza sun ce shi ya shiga kabarin ya kwantar da ita, ya hana kowa taya shi, sai da liman ya kama hannunsa aka fito da shi. Ya kulle ɗakinta, makullin yana aljihunsa. Yana zuwa Tarauni kowace Juma'a, ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ya daina cewa Innar Tarauni, Inna yake cewa. Ni kuma ba na amsawa. Ya yi ta maimaitawa, ina jinsa, har ya gaji ya tashi.

Iyakar abin da na sani ke nan, na sauke. Wanda ya ji, ya yi mata addu'a. Allah ya ji ƙan Yaya, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da Takwararta. Allah ya yafe mata jinkirinta, ni kuma ya yafe min saurina.